Motar da ta ƙi riƙe kwanar dama: yadda aka gyara Scion FR-S a Agege da kuɗi kaɗan

Motar Scion FR-S ce ƙirar 2013, fara, mai giyar hannu, tokumbo daga Amurka. Mai ita saurayi ne, ɗan wani aminina da ke harkar albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas, gidansu kuma a Agege, ba nisa da garejina. Kukansa guda ɗaya ne, motar ba ta riƙe kwana. In ya karya sitiyari hagu sai ta bi lafiya lau, in ya karya dama sai ya ji bayanta na neman wuce gabanta. Ranar da abin ya firgita shi ana yayyafi ne, yana bin lanƙwasar gadar Ojota, gudun bai kai kilomita 60 ba, sai baya ya goce, fitilar santsi ta hau ƙyaftawa a gabansa, da kyar na'urar hana santsi ta motar ta maido da ita kan hanya. Allah Ya kiyaye babu danfo a gefensa.

Da ya zo, ya riga ya yanke wa kansa magani. Ya nuna mini hoton wasu shokazoba masu zare a wayarsa, irin da ake kira koilofa, waɗanda ake murɗawa a sauke mota ƙasa, ba sunan kamfani a jikinsu, da kuma rim mai inci 19 da ya gani a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Kuɗin da ya tara na waɗannan biyun ne cif. "Baffa, ni dai a ɗaura mini su. In ta zauna ƙasa za ta kama titi," in ji shi. Na ce masa, "Ɗana, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Ka bar mini motar zuwa gobe, duk abin da na gani zan nuna maka da idonka, sannan ka yanke shawara."

Sai an san wace irin mota ce kafin a gane ciwonta. Toyota da Subaru ne suka haɗa hannu suka ƙera ta, ta shiga kasuwa a 2012, kuma mota ɗaya ce mai suna uku: Toyota 86, da Subaru BRZ, sai Scion FR-S a Amurka har zuwa 2016 lokacin da Toyota ta daina amfani da sunan Scion. Injinta lita 2 ne, kwance, mai ƙarfin doki 200, tayoyin baya yake turawa. Nauyinta wajen kilo 1,250, kashi 53 cikin ɗari a gaba, 47 a baya, cibiyar nauyin kuma milimita 460 kacal take daga ƙasa. Wato aikin da yaron yake son biya a yi mata, an riga an gama shi tun daga masana'anta. Bayan haka, babban injiniyan da ya jagoranci ƙirarta, Tetsuya Tada, da gangan ya sa mata taya Michelin Primacy HP mai lamba 215/45R17, irin da ake sa wa wasu Prius, taya mai matsakaicin kamu, domin direba ya ji motsin bayan motar ba sai ya yi gudun ganganci ba. Don haka ɗan wasan da baya yake yi halinta ne. Amma halin mota dama da hagu yake fitowa daidai wa daida. In mota ta yi ladabi a kwanar hagu ta yi tawaye a ta dama, to akwai abin da ya lalace a ɓangare guda. Tun da kuwa a kwanar dama nauyi kan tayoyin hagu yake komawa, tun kafin in ɗaga ta na san inda zan fi sa ido.

Da taya na fara, kamar kullum. Duk ƙarfin inji da birki da sitiyari ta wuri huɗu kawai suke isa kwalta, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tayoyin gaba biyu iri ɗaya ne, sun ci rabi. Ta bayan dama ta wani kamfani ce daban. Ta bayan hagu kuwa, da na sa yatsa na goge ƙurar gefenta, sai ga hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. Tayar hunturun Turai ce, robarta an haɗa ta ne don ta yi laushi cikin tsananin sanyi. A kan kwaltar Ikorodu Road da rana tsaka irin wannan roba saki take yi, ƙananan tsagogin jikinta su riƙa lanƙwashewa da zarar nauyi ya hau ta. Na ci gaba da gogewa har na kai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe 2316, ma'ana an yi ta a sati na 23 na shekarar 2016. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun daɗe suna jan kunnen direbobi kada taya ta wuce shekara 4 daga ranar da aka yi ta, kuma tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su. Duk da haka ga su nan tuli a bakin titi, an wanke an shafa musu mai suna sheƙi, mai saye ba ya duba komai sai zurfin zane.

Iskar ciki ma wani labarin ce. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar masana'anta da ta ce 35 gaba da baya. Gejina ya nuna 46 a guda, 48 a biyu, ta bayan hagu kuma 50. Ba na ganin laifin masu faci sosai, da yawansu gejinsu ya tsufa, kuma sun saba da danfo da motocin kaya da ke son iska mai yawa. Amma tayar da aka ɗura wa iska haka tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, ga ta da tauri, in ta hau ɗan tudu sai ta yi tsalle. Zafin titi kuma ƙara mata yake yi, kusan ɗigo guda na geji duk lokacin da zafin iskar ciki ya ƙaru da digiri 5 ko 6.

Da muka ɗaga motar sauran labarin ya fito. Shokazobar bayan hagu ta zubar da manta tun tuni, man ya kama ƙura ya zama baƙin laka a jikinta har ƙasa. Ƙaramin ƙarfen da ke riƙe saitin tayar wannan ɓangaren ya ɗan lanƙwashe, ba a gani sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a gefe, sai ka ga haske na wucewa ta tsakiya. Fentin cikin fendar wajen ya fi na dama sabunta. Ba a buƙatar wanda zai gaya mini cewa an taɓa bugun motar a wannan kusurwa kafin ta hau jirgi. Da yawa daga irin waɗannan motoci daga gwanjon motocin hatsari ake sayo su, a gyara jiki a fesa fenti, abin da ke ƙasa kuwa a bar wa mai rabo. A gaba, linkejin sandar da ke hana mota jirkicewa ya yi sako-sako a ɓangare guda, robar bushin ɗin lowa'am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya, ta fara tsagewa amma ba ta rabu ba. Boljoin da tairod lafiyarsu ƙalau, shokazobar gaba ma ba ta yoyo.

Na kai ta wurin wani mai injin alaimen, wato saitin tayoyi, na kwamfuta a Ikeja don in sami ma'auni kafin a taɓa komai. Takardar ta tabbatar da abin da ido ya gani: bakin tayar bayan hagu waje yake kallo, alhali ya kamata tayoyin baya su ɗan kalli ciki kaɗan. Wannan shi ne asalin ciwon. A kwanar dama, lokacin da nauyi ya taru kan wannan taya, ita da kanta take jan bayan motar zuwa wajen kwanar, tamkar an sa wa baya sitiyarinsa daban. Ga ta tsohuwa, ga iska 50, ga shokazobar da za ta danne ta a ƙasa ta mutu. Abu huɗu sun haɗu a kusurwa ɗaya.

Washegari na sa shi ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, na kama hannunsa na ɗora a kan shokazobar, ya fito da yatsu baƙi ƙirin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baffa, ai shi ya sa na ce koilofa. Tun da za a canza, a canza gaba ɗaya mana." Maganarsa ba ta wofi ba ce, don haka na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, kuma a nan ne nake ganin samari da yawa masu irin wannan mota suke zubar da kuɗinsu a Legas.

Tsakanin cikin wannan mota da ƙasa bai wuce milimita 125 ba yadda ta fito. In ka sauke ta da inci biyu, saura wajen 75. Da wannan za ka tsallaka tudun rage gudu na cikin unguwannin Agege, ka shiga ruwan da ke kwanciya a Lekki a watan Yuni da Yuli, ka gangara ƙofar gida mai kwalbati? Wannan ma ƙaramar magana ce. Babbar ita ce aikin sifirin da shokazoba shi ne su riƙe taya manne da ƙasa komai rashin kyan titi. Sifirin mai tauri yana da amfani a filin tsere inda kwalta take sumul. A titinmu mai faci kan faci, da ramuka, da ƙarafunan mahaɗar gada irin na Third Mainland, mota mai tauri tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta kama komai. In tsallen ya zo a tsakiyar kwana, nan take mota za ta matsa gefe. Koilofa mai kyau, wadda aka daidaita ƙarfin shokazobarta da na sifirinta, tana nan, amma kuɗinta ya ninka abin da ke aljihunsa, musamman tun daga Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Ta arahar da ba ta da suna, tauri kawai za ta ba ka, kai kuma ka ɗauka kamu ne saboda motar ta daina jirkicewa. Sauke mota da yawa kuma yana karkatar da hannuwan ƙasa daga kusurwar da aka ƙera su, sai ka sake sayen wasu kayan don gyara abin da ka ɓata.

Rim mai inci 19 kuwa lissafi ne mai sauƙi. Tayar asali 215/45R17 tsayin gefenta milimita 97 ne, wato kashi 45 cikin ɗari na faɗin 215. Wadda za ta hau inci 19, kamar 225/35R19, gefenta 79. Wannan robar gefe ita ce ke fara shanye dukan rami kafin ya isa rim. Ka rage ta, ka ƙara nauyin rim ɗin da shokazoba za ta yi fama da shi, rami ɗaya a hanyar Oshodi zuwa Apapa ya ishe ka kumburin taya ko lanƙwasar rim. Na ce masa, "Ɗana, in kyan gani kake so, kuɗinka ne, ba zan hana ka ba. Amma abin da ya kawo ka shi ne motar ta juya maka baya a Ojota, kuma waɗannan biyun ba za su hana ta sakewa ba." Ya ɗan jima yana juya makulli a hannu, sannan ya ce in yi yadda na gani.

Taya ta cinye fiye da rabin kuɗin, kuma ban yi jayayya da hakan ba ko kaɗan. Mun sayi huɗu sababbi, iri ɗaya, daga dila mai ba da rasit, na duba kwanan watan kowacce da kaina kafin a biya. Na zaɓi 225/45R17 maimakon lambar asali saboda dalili uku. Tana hawa rim ɗin motar mai faɗin inci 7 ba matsala. Ta fi samuwa a Legas domin Marsandi da BMW da yawa ita suke sawa, in guda ta fashe ba sai an jira oda ba. Sannan ta fi ta asali tsayi da milimita 9 kacal, abin da ya ɗaga motar da ɗan abin da bai kai milimita 5 ba, a garin nan kuwa riba ce. Mun nemi ta zafi mai kamu a jiƙaƙƙen titi, mai harafin gudu W kamar ta asali. Irin tayar nan mai ɗanko ta filin tsere ban ba shi shawararta ba, saurin cinyewa gare ta, kuma zanenta ba ya kore ruwa sosai.

Shokazoba mun sayi biyu sababbi na baya, na kamfanin KYB, daidai da ƙarfin na asali. Ba a canza guda a bar guda, in ba haka ba bambancin dama da hagu zai dawo ta wata ƙofa. A nan ina da tsari da nake bi a kan kayan Ladipo: duk abin da ƙarfe ne zalla, tokumbo mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma abin da ke da mai ko roba a ciki, kamar shokazoba da bushin, ba ka san shekarun da ya yi ba, sabo za ka saya. Don haka ƙarfen da ya lanƙwashe a Ladipo aka samo madadinsa, daga jikin wata BRZ da aka farke, yarona ya tafi da tsohon a leda aka gwada su kafaɗa da kafaɗa. Masu kaya da yawa ba su san sunan Scion ba, sai ka ce musu BRZ ko 86 sannan su gane. Linkeji biyu na gaba sababbi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Wani abu da kanikawa da yawa ke tsallakewa: ba a ƙarasa ɗaure kusoshin da suka ratsa bushin alhali mota na rataye a sama. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna, sannan a ɗaure. In an ɗaure tana sama, robar za ta zauna a murɗe kullum, cikin 'yan watanni ta tsage. Notin taya kuma da sifanar awo muka ɗaure, 120 a ma'aunin Nm, ba da tsalle a kan sifana ba.

Abu ɗaya tak muka ƙara wanda bai zo da motar ba, kusoshi biyu na kamba a shokazobar gaba. Kamba ita ce jinginar taya in ka kalle ta daga gaban mota. Ƙirar gaban wannan mota irin ta MacPherson ce, in mota ta jirkice a kwana tayar waje takan kwanta kan kafaɗarta, sai cikin zanen ya ɗan ɗaga daga ƙasa. In an jingina kan tayar ciki kaɗan tun tana tsaye, to a kwana sai ta zauna daram da duk faɗinta. Masana'anta ba ta bar wurin saita wannan a gaba ba, amma waɗannan kusoshi suna ba da dama. Mun tsaya a kusan digiri ɗaya da kwata. Masu tsere suna wuce biyu, amma motar da rabin rayuwarta a cunkoson Ikorodu Road take, in ka wuce haka cikin taya za ta cinye a banza. A duk kayan da za a iya ƙara wa motar nan, ban san wanda ya kai waɗannan kusoshi biyu arha da amfani ba.

Alaimen na biyu mun yi shi da rabin tanki, mai motar yana zaune a kujerarsa. Tayoyin gaba miƙe sak, na baya sun ɗan kalli ciki daidai wa daida. Da aka gama na sa aka haɗa kwamfuta aka sake nuna wa na'urar hana santsi inda tsakiyar sitiyari yake, domin da wannan take auna ko mota ta goce, in an bar ta da tsohon saiti sai ta riƙa kama birki inda bai kamata ba. Ragowar canjin ya tafi kan man birki. Wanda ke ciki ya yi baƙi kamar ba a taɓa canza shi ba. Man birki yana shan danshin iska, Legas kuwa danshi ba ya yanke mata. Man birki mai lamba DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Mun zubar da shi duka, muka zuba sabo.

Gwajin ba a titi muka yi ba. Wani abokin mahaifinsa yana da filin ajiye tireloli da aka zuba wa siminti, ranar Lahadi da safe babu kowa, muka jera jarkoki muka yi da'ira. Na shafa alli a kafaɗar kowace taya daga zane zuwa gefe, na ce ya zaga dama, ya zaga hagu, a giya ta biyu, yana ƙara gudu sannu a hankali har tayoyi su fara kuka. Da ya tsaya, allin ya goge daidai bakin zanen a duka huɗun, bai gangara gefe ba, alamar iska 35 ta yi daidai. Na ɗora hannu a kan tayar gaba, ɗumin ciki da tsakiya da waje kusan ɗaya. Abin da na fi so in gani shi ne dama da hagu sun zama ɗaya, kuma sun zama. In ya matsa mata, gaba ne ke fara ɗan buɗewa, ya sassauta totur kaɗan ta dawo layi. Ga motar da za ta bi titi da mutane, haka nake so.

A filin nan ne muka sake samun saɓani. Ya karanta cewa in an sa sandar hana jirkicewa mai kauri a baya motar za ta fi saurin juyawa. Gaskiya ne, ta baya milimita 14 ce, ta gaba 18, kuma ƙara wa baya tauri yana rage kamun baya ne don gaba ya fi shiga kwana. Wato abin da ya tsorata shi a Ojota zai sayo da kuɗinsa. Na ce ba da hannuna ba, sai ya shekara yana tuƙa ta haka, damina ta wuce a kansa. Na kuma roƙe shi a kan maɓallan nan biyu da ke kusa da giya, na kashe na'urar hana santsi da na VSC Sport mai sassauta ta. Ya amsa cewa abokansa sun ce direban gaske kashewa yake yi. Na tuna masa cewa ita ce ta maido da shi hanya ranar yayyafin. Na kuma yi masa lissafin da ba ya canzawa: ƙarfin da kwana ke nema daga taya yana tafiya ne da gudu sau gudu. Kwanar da ka shiga da 60, in ka shige ta da 85 kamun da take nema ya ninka biyu. Babu tayar da muka saya, ko wadda za mu iya saya, da ta ninka tsohuwar kamu sau biyu, balle a titin da tirela ta zubar da gas aka yi yayyafi a kai.

Aikin bai kammala duka ba. Kambar bayan hagu ta fi ta dama da kusan rabin digiri, kuma masana'anta ba ta bar wurin saita ta a baya ba. Ina zargin dukan da motar ta sha ya ɗan taɓa wani ƙarfen ko mazauninsa. Ba a jin sa a tuƙi, amma zai nuna a cikin zanen tayar nan gaba, don haka za a riƙa juya tayoyin gaba da baya duk kilomita 8,000, a duba iska da safe kafin mota ta motsa, da gejin da na sa ya saya ya ajiye a aljihun ƙofa. Bushin ɗin lowa'am na gaba zai kai ƙarshen damina, daga nan sai a canza biyun da na roba irin na asali, ba masu taurin nan da ke ƙara a kan kowane rami ba. In kuɗi ya samu bayan kakar albasa, hannun baya mai saitin kamba ne na gaba a layi, sannan a koma Ikeja a sake alaimen.